Idan ka ga shatin duka a jikin tsohonka a gidan kula da tsofaffi a Amurka, ga abin yi

Na san mutanen gida za su ce wai me ake nufi da gidan tsofaffi, mutum da ransa da lafiyarsa ya ɗauki uwarsa ya kai wa wasu su riƙe masa? To a yi mana uzuri, wanda bai zauna a Amurka ba ba zai gane ba, kai kana aikin dare matarka na aikin safe yara na makaranta, ga tsohuwa ta samu shanyewar ɓarin jiki asibiti sun ce sai an riƙa juya ta duk bayan awa 2, ina za ka sa kanka. Mu ma haka ta kama mu a kan gwaggona yayar babanmu, kuma abin da na koya a kanta ne zan faɗa muku.

Wata Lahadi na kai mata kunun gyaɗa, ina naɗe mata hannun riga kada ya ɓaci sai na ga shatin yatsu huɗu a damtsenta, na biyar ɗin ta ciki, irin riƙon da ake yi wa ɓarawo a kasuwa. Na tambayi nas ta ce wai ƙarfen gado ne ya buge ta. Gwaggo kuwa ta kawar da kai ta ce "bari kawai ɗan nan, Allah na nan." Wallahi wannan "bari kawai" ɗin ita ke kashe mu, domin a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne.

Da farko dai ka san ba kowane tabo ne duka ba, fatar tsoho ta yi laushi, wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko ɗan taɓa shi aka yi sai wurin ya yi baƙi. Tabon faɗuwa ko bugewa yawanci a ƙwauri yake ko bayan hannu ko gwiwar hannu. Amma tabo a wuya, kunne, fuska, gadon baya, cikin cinya, ko zobe da ya zagaye wuyan hannu kamar an ɗaure mutum, wannan kam ka tsaya. Ka lura kuma da tsohon da yake ta hira amma da wani ma'aikaci ya shigo sai ya yi tsit ko ya ɗaga hannu yana kare fuska, ko wanda kullum ka zo yana barci kamar gawa alhali da ba haka yake ba, wani lokaci magani ake ɗura masa don kada ya dame su. Gyambon kwanciya shi ma laifi ne idan sakaci ya kawo shi.

Kada ka yi faɗa. Na san zuciya za ta ɗebe ka, ni ma saura kaɗan na ɗaga murya, amma kana yin ihu za su rubuta a fayil cewa ɗan uwan mara lafiya ya zo ya yi barazana, shikenan magana ta koma kanka. Ciro waya ka ɗauki hoton wurin, ɗaya daga nesa yadda za a gane jikin wane ne, ɗaya dab da dab ka ajiye kwabo a gefe don a ga girman tabon, gobe ma ka sake ɗauka don launinsa na canzawa. Kada ka haɗa da fuskar maƙwabcin gadonsa a hoton. Sannan ka sayi ɗan littafi na musamman ka riƙa rubuta rana da lokaci da sunan wanda ke bakin aiki da ainihin abin da aka ce maka, kalma da kalma. Ita nas ɗin nan tamu ta ce ƙarfen gado, washegari wata ta ce a banɗaki ta zame, ka ga da ban rubuta ba da wa zai yarda baki biyu suka yi.

Ka tambayi tsohon ku biyu kawai, da Hausa, a hankali, kuma kada ka sa masa magana a baki. Kada ka ce "wance ce ta doke ki ko?" ka ce "Gwaggo me ya samu hannun nan?" Masu ciwon mantuwa da yawa ɗan Turancin da suka koya guduwa yake ya bar su da harshen uwa, shi ya sa mugun ma'aikaci ke raina su, ya san ba mai jin ƙararsu.

In raunin babba ne, karaya ko jini ko bugu a ka, kira lambar gaggawa 911 kai tsaye ba sai ka nemi izinin kowa ba, a kai shi asibitin waje likitan da ba na gidan ba ya duba ya rubuta. Duka laifi ne ko a titi ko a gidan tsofaffi, 'yan sanda na da hurumi.

Daga nan ka sanar da manajan gidan a rubuce, imel ya fi don yana ɗauke da rana. Doka tana bayanka a nan. Tun 1987 akwai dokar tarayya mai suna Nursing Home Reform Act da ta hau kan duk gidan da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare ko Medicaid, ta hana duka, ta hana ɗaure mutum ko ba shi maganin barci don horo ko don ma'aikata su huta. In aka yi zargin cin zarafi dole gidan ya kai rahoto ga hukumar jiha cikin awa 2, ya kuma miƙa sakamakon bincikensa cikin kwanakin aiki 5. To ka tambaye su a imel ɗin, yaushe kuka kai rahoto, wa kuka kai wa? Ka nemi fayil ɗin lafiyarsa ma, doka ta ce a nuna cikin awa 24 ban da ƙarshen mako da ranakun hutu, kwafi kuma cikin kwanakin aiki 2. Sai dai fa ba don kai ɗansa ne za su ba ka ba, sai shi da kansa ya nema ko kana da takardar wakilci ta shari'a, in ba ku yi ta ba ku yi tun tsoho na cikin hayyacinsa, in ya wuce nan sai an je kotu an naɗa ka mai kula da shi kuma wannan doguwar hanya ce.

Amma kada ka dogara da gidan ya binciki kansa, kura ba ta shari'ar akuya. Kowace jiha tana da ofishin Ombudsman, wato mai sauraron koken masu zaman irin waɗannan gidaje, kyauta ne, suna shiga su ga tsohon su bi masa kadi, sai dai ba sa cin tara. Masu cin tara su ne sashen lafiya na jiha, su ke ba gidan lasisi, su ke zuwa bincike ba sanarwa, kuma kana iya kai ƙara ba tare da an faɗi sunanka ba. Akwai kuma APS masu kare manya marasa ƙarfi, ko da yake a wasu jihohin za su tura ka sashen lafiyar ne. In ka rasa lambar wa za ka kira, buga 1-800-677-1116 za su haɗa ka da na yankinku.

Wasu za su ce maka ai yawancin ma'aikatan 'yan uwanmu ne 'yan Afirka masu neman na abinci, kada ka raba mutum da aikinsa. Ni ma abin ya tsaya min a rai, kuma gaskiya da yawansu mutanen kirki ne da aka jibga wa tsofaffi fiye da ƙima. Amma in ƙarancin ma'aikata ne ya jawo to ai kamfanin ne mai laifi, kuma ƙarar ce kaɗai ke tona shi.

Maganar kyamara a ɗaki kuma a yi hattara, Texas ce ta fara halatta ta a 2001 wasu jihohi suka biyo baya, amma akwai sharuɗɗa, sai maƙwabcin ɗaki ya yarda, kuma naɗar murya a ɓoye laifi ne a wasu jihohin. Tambayi Ombudsman kafin ka sa.

Sai batun lauya da diyya. Lauyoyin wannan fanni yawanci ba sa karɓar ko sisi sai an ci shari'a, sannan su cire kasonsu, kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100, ka sa a rubuta maka har da wanda zai biya kuɗin ƙwararrun shaidu in an faɗi. Kada ka yi jinkiri don akwai wa'adin shigar da ƙara, a Kentucky da Tennessee shekara 1 ce kacal, Texas 2, in ya wuce ko da bidiyo kake ba mai sauraronka. Ka kuma tono tarin takardun da kuka sa wa hannu ranar shiga, a ciki ake cusa wata mai suna arbitration, ma'ana kun yarda ba kotu sai dai wani mai sasanci ya yanke a ɗaki. Tun 2019 an hana su mayar da ita sharaɗin karɓar mutum, kuma wanda ya sa hannu yana da kwana 30 ya janye. Ni ban ma san na sa mata hannu ba sai da lauya ya nuna min.

Tsoron da ya fi damun mutane shi ne kada a rama a kan tsoho ko a kore shi. Ramuwa haramun ce a dokar, kuma ba a sallamar mutum haka kawai, a yawancin lokuta sai da sanarwar kwana 30 a rubuce kuma kuna iya ɗaukaka ƙara. In kun yanke shawarar canza gida da kanku ku duba shafin Care Compare na Medicare, suna ba gidaje tauraro 1 zuwa 5, wanda aka kama da cin zarafi kwanan nan kuma za ka ga alamar jan tafin hannu kusa da sunansa. Mu mun mayar da Gwaggo wani gidan, muka raba zuwa tsakaninmu ba a kan tsari ɗaya ba, yau ƙanwata bayan asuba gobe ni ƙarfe 10 na dare, kuma duk wanda ya je sai ya naɗe mata hannun riga kafin ya zauna.