Yadda Ake Karanta Littattafan Tarihin Ailan Ba Tare da An Ɓata Hanya Ba

Mai karatun da ke Garwa ko Marwa ko Anjamena, idan ya ƙudiri aniyar sanin tarihin Ailan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, zai tarar cewa yawancin littattafan da Ingilishi aka rubuta su, saboda haka wanda ya yi bokonsa da Faransanci sai ya nemi fassara, ko ya ajiye ƙamus a gefensa ya bi a hankali. Kafin ya buɗe shafin farko, ya rubuta shekaru kaɗan a takarda: 1801, da aka haɗe Ailan da Birtaniya; 1916, da masu neman 'yanci suka yi wa mulkin Birtaniya bore lokacin bikin Ista a Dablin, babban birnin Ailan; 1922, da aka kafa ƙasa mai cin gashin kanta a kudu, gundumomi 6 na arewa daga cikin 32 suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya; sai 1998, da aka ƙulla yarjejeniyar da ta kwantar da rikicin 'yan Katolika da Furotesta a arewacin Ailan.

A ganina, babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ita ce ƙofar shiga. Ƙidayar 1841 ta nuna mutane fiye da miliyan 8 a tsibirin, kuma talakawan karkara, waɗanda ke noma gonakin haya a hannun masu ƙasa, dankalin turawa ne kusan abincinsu kaɗai. Da cuta ta ruɓar da shi, kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kimanin miliyan 1 suka yi ƙaura, galibinsu zuwa Amurka, alhali jiragen ruwa ba su daina fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin ba. Har yau yawan jama'arsa bai koma yadda yake kafin yunwar ba. Duk wanda iyayensa suka ba shi labarin farin 1984 a Chadi ya san cewa hatsi na iya kasancewa a kasuwa talaka ya kwana da yunwa, kuma da wannan idon ya kamata a karanta babin: gonar ta wane ce, wa ya karɓi kuɗin haya, wa aka kora daga gidansa?

Daga nan sai a duba marubucin da shekarar da ya yi rubutu, domin masanan ba bakinsu ɗaya ba. Littafin Cecil Woodham-Smith na 1962 a kan yunwar ya ɗora laifi mai nauyi a kan jami'an Landan, musamman Charles Trevelyan, jami'in baitulmalin da ya kula da agajin yunwar, yayin da Roy Foster, a tarihinsa na 1988, ya fi taka-tsantsan da labarin da masu kishin ƙasa suka saba bayarwa. Wanda ya tsaya a kan ɗaya daga cikinsu ya ji rabin shari'a ne. Kalma ɗaya ma tana iya nuna ɓangaren da mutum ya karkata: gari guda ne a arewacin Ailan mai kishin Ailan zai kira Derry, mai biyayya ga Landan ya kira Londonderry. Kada kuma a ɗauki rikicin 'yan Katolika da Furotesta a matsayin gardamar addini zalla, domin ƙasar noma da aikin yi da biyayya ga Landan ko Dablin duk suna ciki.

Littattafan tattalin arziki sun fi saurin tsufa. Ailan ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1973, daga baya ta jawo kamfanonin Amurka irin su Apple da Google da haraji mai sauƙi. Littafin da aka buga kafin rikicin kuɗi na 2008 zai cika da yabo, wanda aka buga bayan ƙasar ta nemi ceton bashi a 2010 kuwa muryarsa dabam ce.

Babin harshe ne nake ba da shawarar a ajiye don ƙarshe. Tsarin mulkin 1937 ya ba harshen Ailan matsayi na farko, amma Ingilishi mafi yawan mutane ke yi a gida da kasuwa, kuma ɗalibin da ke yin Hausa da Fulatanci a unguwa, Faransanci a aji, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan shafin.