Yadda zaka gane inda bakin ruwan Legas yake a da

In kana son gane tsohon bakin ruwan Ikko, fara da titin Marina. Tsaya a gaban cocin Christ Church ka kalli wajen ruwa, duk wannan fili da manyan titunan dake gabanka cikon kasa ne, a da ruwa har dab da titin yake zuwa. Daga nan sai ka nemi tsohuwar taswirar Turawa ka hada da Google Maps, zaka ga magudanar MacGregor da ta raba tsibirin Legas da Ikoyi, yawancinta an cike. Bar Beach kuwa, wato bakin tekun Victoria Island, wallahi abin tausayi, katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa suka tare yashi, teku yayi ta cinta, yanzu sabon birnin Eko Atlantic ne zaune a wurin.