Yadda ake nemo dodon-koɗin teku a ƙarƙashin ruwa a ɗauke shi hoto

Dodon-koɗin teku marar ɓawo ya haura kala 3,000, kuma galibinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Masu neman su sukan nufi mashigin Lembe da ke arewacin Sulawesi a Indunusiya, ko Anilawo a Filifin, ko Dahab a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar. A Lembe baƙin yashin aman wuta ne shimfiɗe a ƙasa, da tarkace nan da can, kuma cikin wannan yashin halittun suke.

Kafin maganar kamara, sai ka mallaki jikinka a ruwa. Takardar shaidar nitso ta matakin farko tana ba ka damar kaiwa mita 18, kuma ta wadatar, don mafi yawan abin da kake nema yana tsakanin mita 5 zuwa 18. Aikin da ke gabanka shi ne ka iya tsayawa cak tsakiyar ruwa, ba ka nutsewa, ba ka tasowa. Ka gwada nauyin dalmar da kake ɗaurawa don ka nutse a saman ruwa: da numfashi daidai-wa-daida kuma rigar iska (rigar da ake hura wa iska don daidaita tasowa) a sace, ruwa ya tsaya maka daidai ido. Dalma in ta yi yawa ƙafafu sukan ja ƙasa, takalmin iyo ya tone laka, ruwa ya gurɓace maka da na bayanka. Ka koyi shurin kwaɗo, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a sama.

Wanda ya duƙufa neman dabbar kanta yakan gaji bai ga komai ba. Abincinta za ka nema. Kowane iri da abin da yake ci, kuma da wuya ya yi nisa da shi: wasu soson teku, wasu 'yan halittun nan masu kama da gashin tsuntsu da ke manne a duwatsu, wasu kuma gansakuka. Costasiella, mai fuska kamar ɗan rago, wanda bai wuce santimita 1 ba, kan wani koren ganye mai siffar mafici ake samunsa, wanda ke tsirowa shi kaɗai cikin yashi. In ka ga ganyen, ka duba gaba da bayansa a natse. Wata alamar ita ce ƙwai, wanda suke nasawa kamar zaren da aka naɗe a murɗe, fari ko ja ko rawaya. Inda ƙwan yake, mai shi bai yi nisa ba. Ka yi tafiya a hankali ƙwarai, tocila a hannu ko da rana ce, domin launin ja yana fara ɓacewa tun daga wajen mita 5, abin da yake jawur sai ka gan shi toka-toka. Da dare kuma wasu ke fitowa, irin babban jan nan na Bahar Maliya, Hexabranchus, da ke iyo yana kaɗa gefen jikinsa. Ɗan jagoran wurin ya san kowane dutse, kuɗinsa ba asara ba ne.

Ƙaramar kamara irin Olympus TG-6 cikin akwatinta na ruwa ta isa mai farawa. Mai babbar kamara ya ɗaura gilashin kusa na milimita 60 ko 100. Na 60 ya fi sauƙin sarrafawa a gurɓataccen ruwa, tunda kana matsowa dab. A babbar kamara, ka fara da buɗewar idon kamara f/16 zuwa f/22, saurin ɗauka 1/160 ko 1/200 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske na kamara) 100 ko 200, sannan ka riƙa gyara ƙarfin filashi har hasken ya zauna. Ka sauko daidai tsayin dabbar, ka fuskance ta ta gaba ko ta kusurwa, ka saita kamara kan ƙahonnin nan biyu na kanta, waɗanda take sansana ruwa da su. In ƙahonnin suka fito tsaf, hoton ya yi, ko da bayan jikin ya dushe. Hoton da aka ɗauka daga sama yakan fito a baje, babu rai. Haske ko motsi mai yawa kan sa ta janye ƙahonni da tuntun numfashin da ke bayanta. Ka dakata, za su fito. Kada ka taɓa ta, kada ka ɗauke ta ka sauya mata wuri don neman kyan bango, raba ta da abincinta cutarwa ce.

Fararen ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto suna zuwa ne idan filashi na kusa da idon kamara yana haska ƙurar ruwa kai tsaye, kamar fitilar mota cikin hazon hunturu. Ka janye filashin gefe, ka ɗan karkatar da shi waje, bakin hasken kawai ya taɓa dabbar.

Babban haɗarin mai hoto shagala ce. Wasu kan riƙe numfashi don hannu ya daina rawa, alhali in mutum ya ɗan taso sama a haka iskar da ke huhunsa tana kumbura, tana iya yaga huhun. Ka danna a ƙarshen fitar da numfashi, kana ci gaba da shaƙa yadda ka saba. Ka riƙa duba ma'aunin iska da kwamfutar hannu mai nuna zurfi da lokaci bayan kowace dabba, ka kuma waiga ka ga abokin nitsonka. Tukunyar iska kan fara da bar 200 (bar shi ne awon matsin iska), ka shirya yadda za ka iso saman ruwa da sauran bar 50 a ciki, bayan ka tsaya minti 3 a mita 5. Kafin ka dafa yatsa ko sanda a ƙasa ka duba da kyau, don kifin dutse mai dafi da ƙaramar halittar nan mai dafi, mai hannuwa takwas da shuɗin zobba, suna kwance a irin wannan yashin. Wanda ya yi nitso da yawa a jere ya bari awa 18 ta wuce kafin ya hau jirgin sama.

Ruwa yakan shiga akwatin kamara ne ta zoben robar murfi, kuma silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ya isa. Ka cire zoben, ka goge shi da ramin da yake zama, ka shafa masa giris ɗan kaɗan har ya yi sheƙi kawai, don mai yawa yana kama datti. Ka rufe akwatin a busasshen ɗaki mai sanyi, da ƙunshin maganin raɓa a ciki, kar ka bar shi a rana kan kwalekwale, in ba haka ba gilashin zai yi gumi daga ciki da zarar ka shiga ruwa. Bayan fitowa ka jiƙa shi a ruwan daɗi kana danna kowane maɓalli don gishiri ya fita, ka goge shi ya bushe kafin ka buɗe.