Yadda Ake Kafa Asusu Irin na Mata Masu Dubara

Tsarin Mata Masu Dubara, na ajiya da rance tsakanin mata, ya faro ne a yankin Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE. Ba a kawo jari daga waje. Abin da matan suka tara shi ake juyawa.

Mata 15 zuwa 25 su zaɓi junansu da kansu, kada mai unguwa ya rubuto sunaye. Sai su naɗa shugaba, marubuciya, mai ajiyar akwati da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin ya zama na ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa.

A yanke kuɗin kaso ɗaya na zubi daidai ƙarfin wadda ta fi kowa ƙaramin hali. Duk mako mace na zuba kaso ɗaya zuwa biyar, a buga mata hatimi a littafinta. A ware ɗan asusun jinƙai don ciwo ko rasuwa.

Rance kada ya wuce ninki uku na ajiyar mai karɓa, a biya cikin wata uku. Nan ne ƙungiyoyi suka fi rushewa: an karɓa don ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, sai kuɗin ya tafi a gara, ko maigida ya karɓe. Don haka mai nema ta faɗi sana'arta a gaban taro. Batun ƙari a kan rance kuwa, a tambayi malami tun farko saboda riba.

Bayan wata 9 zuwa 12 a raba gwargwadon zubin kowa, gara gab da damina, lokacin sayen iri da taki.