Abin da Ɗan Haya Zai Yi Idan Aka Sayar da Gida Kafin Wa'adinsa Ya Cika

Sau da yawa ɗan haya ba ya jin labarin cinikin gidan da yake ciki sai ranar da dillali ya yi sallama da baƙi a bayansa suna leƙa ɗakuna, ko ranar da wani ya bugo waya ya ce daga yau shi ne mai gida. Hankali yakan tashi, har wasu su fara ɗaure kaya alhali babu wanda yake da ikon tashinsu. A dokokin ƙasashe da dama ciniki ba ya rushe hayar da ke kan gida, wanda ya saya ya gaji yarjejeniyar ne yadda take, da kuɗinta da wa'adinta. Jamus ta rubuta haka a sashe na 566 na kundin dokokinta na mu'amala, kuma akasarin malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa sayarwa ba ta warware haya, sai dai mai sayen da aka ɓoye wa zancen ɗan haya yana da zaɓin fasa cinikin.

Saboda haka ka fara da ɗauko takardar yarjejeniyarka ka karanta ta a natse. Ka duba ranar da wa'adinka zai ƙare, sannan ka duba ko akwai sharaɗin da ya ba mai gida damar katse hayar idan ya sayar, domin irin wannan sharaɗi yakan ɓuya a ƙarshen takarda, inda ido ya riga ya gaji. Mai zaman wata-wata ƙarfinsa bai kai na mai wa'adin shekara ba, amma shi ma sai an ba shi notis na kwanakin da dokar wurin ta ƙayyade. Idan kuwa da baki kuka ƙulla hayar, to, ka tattara rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin waya tun kafin a fara musu.

A wajen biyan kuɗi ne aka fi cutar 'yan haya, kuma a nan nake so ka fi taka-tsantsan. Kada ka miƙa wa kowa haya don kawai ya ce ya sayi gidan. Ka nemi tsohon mai gida ya rubuto maka, da sa hannunsa, cewa ya sayar, ya ambaci sunan wanda ya saya da ranar da biya zai koma hannunsa. A Ingila dokar 1985 ta ɗora wa sabon mai gida nauyin sanar da ɗan haya sunansa da adireshinsa a rubuce, galibi cikin wata biyu. Idan ka riga ka biya hayar watanni masu zuwa, ka sa a rubuta hakan a takardar, domin kada a nemi ka biya sau biyu. Haka ma kuɗin da ka ajiye saboda ɓarna, ka san a hannun wa ya koma, kuma ka ɗauki hotunan bango, ƙofofi da famfo a wannan makon, domin sabon mai gida bai ga yadda ka tarar da su ba. Duk tsananin ruɗani kada ka daina biya, domin bashin haya shi ne hujjar da ta fi saurin fitar da mutum a gaban kotu.

Masu son saye suna iya zuwa duba gida, amma da sanarwa kuma a lokacin da ya dace.

Idan sabon mai gida ya kawo sabuwar yarjejeniya mai ƙarin kuɗi, ba dole ba ne ka sa hannu matuƙar tsohuwar ba ta ƙare ba. Idan yana son ka tashi da wuri, alfarma yake nema, kuma kana da damar neman ragowar kuɗinka da kuɗin ƙaura, a rubuce, kafin ka miƙa makulli. Ka kuma bincika ko dokar inda kake ta ba ka fifikon saye: a Faransa, bisa dokar 1989, mai gidan da zai sallami ɗan haya don ya sayar da gidan da ya bayar babu kayan ɗaki sai ya ba da notis na wata shida kafin ƙarshen wa'adi, kuma ɗan hayar ake fara yi wa tayi.

Gidan da banki ya yi gwanjonsa saboda bashi hukuncinsa yakan bambanta. A Amurka dokar 2009 ta ba ɗan haya aƙalla kwana 90 kafin a tashe shi, amma ba ko'ina ake da irin wannan kariya ba, don haka ka garzaya wurin lauya da takardunka da zarar ka ji zancen gwanjo. Haka za ka yi idan aka canja maka makulli, ko aka yanke ruwa da wuta don ka gaji ka fita, domin a mafi yawan wurare kotu ce kaɗai take da ikon ba da umarnin fitar da ɗan haya. Ka rubuta ranar da abin ya faru, ka ɗauki hoto, ka riƙe sunayen waɗanda suka gani.