Kurakuran da ke ɓata gwajin jijiyoyin gindin farce

Idan likita a asibitin Korle Bu da ke Accra ya ce zai duba gindin farcenku da madubi mai ƙara girma, kada ku ɗauka wasa ne. A daidai inda fata ta haɗu da farce, ƙananan jijiyoyin jini suna kwance a jere, ana iya ganinsu. Mai lafiya yana da bakwai ko fiye a kowace milimita. In sun kumbura, ko sun ragu, ko suna yoyon jini, sai a fara zargin sikiloroderma, cutar da ke sa fata ta yi tauri. Tun 2013 gwajin ya shiga cikin ƙa'idojin gano ta, kuma an fi yi wa wanda yatsunsa ke komawa fari ko shuɗi in sanyi ya taɓa su.

Yawancin ɓarnar daga gida ake kawo ta. Matan unguwannin Nima da Mamobi na Accra ba sa wasa da lalle, balle in biki ko Sallah ta matso, amma yana rina wurin da za a leƙa. Da ma a baƙar fata jijiyoyin sun fi wuyar gani, to ina ga an ƙara da lalle? Hajiya, a bari ya fita tukuna.

Sai masu yankan farce na bakin titi, waɗanda ke kankare fatar gindin farce har sai ta yi ja. 'Yan ɗigon jinin da suke bari sun yi kama da alamar cuta. A bar farce ya huta aƙalla mako 2, haka ma mai cizon yatsa.

Goro kuwa, mutanenmu ba sa lissafa shi. Likita zai ce ban da kofi da sigari na awa 4 zuwa 6, Alhaji ya ce to, ya ɓare goro a layi. Sinadarin da ke cikin kofi yana cikin goro, yana kuma cikin ataya.

Masu yin gwajin ma suna da nasu laifin. Mutum ya shigo, ba a bar shi ya zauna minti 15 zuwa 20 ba, ɗaki kuma na'urar sanyi ta mayar da shi firji, alhali maki 20 zuwa 25 na ma'aunin Celsius ake so. A ɗiga mai a gindin farcen, kada a danna madubin, don dannawa na korar jini jijiyoyin su ɓace. Yatsu 8 ake dubawa, ban da manyan biyu.

Kuma hoton jijiyoyin kaɗai ba ya yanke hukunci. In an rubuta muku gwajin jini na ANA, mai neman alamar garkuwar jiki na yaƙar jikin kanta, ku yi shi, ku koma da takardar.