Yadda za ka gane kromozom ɗin bakteri da na birus da zare da roba

Ƴan terminal na Damagaram masu shirin bak, wannan darasin na SVT kar ku tsaya hadda, da hannu ake gane shi. Nemo zare wajen tela, da roba irin ta ɗaure kuɗi, sai ƙwallon dabino guda.

Auna zare mita 15, ka ɗaure bakin nan da bakin can ya zama zobe. To ga kromozom ɗin E. coli nan, wata bakteri ta cikin hanji: ADN (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) mai igiya biyu, a zagaye, baz (haruffan ADN) bibbiyu wajen miliyan 4 da dubu 600. In aka miƙe na gaske ya kai milimita ɗaya da rabi, ita kuwa bakterin duka-duka mikromita 2 ce, wato ƙwallon dabinon nan shi ne jikinta, kai kuma aikinka ka cusa mita 15 ɗin a ciki. Gwada mana, ba zai yiwu ba sai ka naɗe.

Nan robar za ta yi aiki. Riƙe ta da yatsu biyu ka yi ta murɗawa, za ka ga ta fara nannaɗe kanta tana dunƙulewa, haka wani anzim (furotin mai aiki cikin bakterin) mai suna jiraz yake yi wa ADN, kuma shi ne ciprofloxacine ke tarewa shi ya sa maganin ke kashe bakteri. A kaye ka zana dunƙulen a tsakiya ka rubuta nukleyoyid, amma don Allah kar ka zagaye shi da fata, bakteri ba ta da nuwayo (jakar da ke rufe ADN), wurin nan maki ke zubewa a banza. Gefe ka ƙara ƙananan zobba biyu ko uku, su ne plasmid, sau da yawa su ke ɗauke da gène (guntun ADN) ɗin da ke sa magani ya daina ci. Kar kuma ka rubuta "kullum kromozom guda ɗaya ne", bakterin kwalara biyu gare ta.

Birus kam ba ya bin doka ɗaya, tambayoyi za ka yi masa: ADN ne ko ARN (ɗan uwan ADN), igiya ɗaya ko biyu, miƙe ko zobe, a haɗe ko gutsu-gutsu? Tsinka zaren gida 8, ga na mura irin A nan, ARN. Guntaye biyu iri ɗaya, na sida. Ƙaramin zobe mai igiya ɗaya kuma na birus phiX174 ne, baz 5386 kacal, wanda masanin kimiyya Sanger ya karanta a 1977.

Wanda ya fi burge ni lambda, birus mai shiga E. coli. A cikin kwanson birus ɗin ADN ɗinsa a miƙe yake, yana shiga bakteri sai bakunan biyu su manne ya koma zobe, don haka shi kar ka ɗaure zaren tun farko, bari sai ka kai shi kan ƙwallon dabinon tukuna.